Yadda za ka yi wa saba faci ba tare da phpIPAM ya kwanta maka ba

Salam 'yan uwa. Tambaya ɗaya ce take ta dawo min ta waya kusan kowane sati, wai na yi wa Ubuntu afdet sai phpIPAM ya daina buɗewa, yaya zan yi? Shi dai phpIPAM manhaja ce ta rajistar adireshin IP na na'urorin netwok, a kan saba ake ɗora shi, wato kwamfutar da take yi wa sauran hidima, faci kuma shi ne afdet. Na baya-bayan nan wani ƙanina ne da yake kula da netwok ɗin wata makaranta mai ɗakin jarrabawar kwamfuta ta wajen Ringim, ya kira ni bayan isha'i muryarsa har rawa take, ya ce Yaya shafin ya koma fari fat, ga shi shugaban makaranta ya ce jibi za a kawo ƙarin kwamfutoci kuma ban san wane adireshi ne a sake ba wane ne aka riga aka ba firinta da kamarori. Na ce me ka taɓa? Ya ce sabar ce da kanta ta rubuto cewa akwai sabuwar siga shi ne ya bi umarnin da ta nuna. Toh abin da ya faru kenan, ya tsallaka daga Ubuntu 20.04 zuwa 22.04, PHP, yaren da aka rubuta phpIPAM da shi, ya tashi daga 7.4 ya koma 8.1, shi kuma phpIPAM ɗinsa 1.5 ne wanda iyakarsa PHP 7.4. Ba wani abu da ya ƙone, jerin aikin ne kawai aka juya, aka fara da abin da ya kamata ya zo ƙarshe.

Saboda haka zan jero aikin yadda nake yin sa, a kan Ubuntu da phpIPAM tunda su ne suka fi yawa a hannun mutanenmu, masu Windows Server da NetBox, wata manhajar mai aiki irin na phpIPAM, akwai naku a ƙasa.

Kayan da za ka tanada da abin da zai ci

Ita manhajar kyauta ce, Ubuntu kyauta, phpIPAM kyauta, kuɗinka zai tafi ne a data da wuta da filash. Ka tanadi data kamar gigabait 3 don kowane tsallake guda, galibi ba ta cinye haka amma gara ta yi saura da ta yanke maka ana tsakiyar aiki. Filash guda biyu, ɗaya na ajiyar kwafi ɗaya kuma ka saka masa Ubuntu ɗin da za a iya tayar da kwamfuta da shi idan ta ƙi tashi, kuma dan Allah ka sayi filash na kirki idan ka shiga Beirut Road ko Farm Centre, irin na bakin titi da ake rubuta masa 64 alhali ko 8 bai cika ba zai nuna maka ya kwafa amma ranar buƙata fayil ɗin ba zai buɗu ba. Sai allo da kibod da za ka jona kai tsaye a jikin sabar, littafi da biro, batirin agogon kwamfuta CR2032 guda ɗaya, da man janareto ko litar 3 ce a ajiye ko da kana da sola.

1. Rubuta abin da ke kan sabar

Kafin ka taɓa komai ka zauna gaban sabar ka buga waɗannan ɗaya bayan ɗaya kana rubuta amsar a littafi, ba a waya ba, a littafi:

lsb_release -a
php -v
php -m
mysql --version
uname -m
df -h
ip a

Na farko zai faɗa maka sigar Ubuntu, na biyu sigar PHP, na uku jerin ƙananan kayan PHP da aka saka, na huɗu zai nuna ko MySQL kake da shi ko MariaDB, wato manhajar rumbun bayanai. Sigar phpIPAM kuma tana can ƙasan shafinsa idan ka buɗe a burauza. Shi ip a ka kwafi sunan katin netwok da adireshin da ke kansa harafi da harafi, za ka neme su daga baya.

Gargaɗi: idan uname -m ya nuna maka i686 maimakon x86_64 to tsohuwar Ubuntu ce mai 32-bit a kan injin, kuma wannan hanyar ta tsaya tun a 18.04, ba tsallake a gabanka, sai dai ka saka sabuwa daga tushe ka dawo da bayananka. Haka in df -h ya nuna /boot ya kusa cika ka fara buga sudo apt autoremove ya share tsofaffin kernel, in ba haka ba facin zai tsaya rabi.

2. Duba wa ya dace da wa

Nan ne zuciyar aikin kuma nan ne kowa yake tsallakewa. phpIPAM ba shi kaɗai yake tsaye ba, a kan PHP yake zaune, PHP a kan Apache mai miƙa shafin ga burauza, bayanan kuma suna cikin MariaDB ko MySQL, duk kuma Ubuntu ce take kawo su, kowace sigar Ubuntu da irin wanda take zuwa da shi. Ubuntu 20.04 tana zuwa da PHP 7.4, 22.04 tana zuwa da 8.1, 24.04 kuma 8.3. Masu Debian, 11 tana da 7.4, 12 tana da 8.2. A ɓangaren MariaDB kuma 20.04 tana da 10.3, 22.04 tana da 10.6, 24.04 tana da 10.11, wannan bai cika kawo matsala ba, PHP ne mai rigimar.

Shi kuma phpIPAM, 1.4 da 1.5 sun tsaya a PHP 7.4, amma 1.6 da 1.7 suna aiki tun daga PHP 7.2 har 8.3. Ka lura da wannan sosai domin shi ne gadar da za ka bi ka haye: 1.7 yana tafiya a tsohon PHP ɗinka na 7.4 kuma yana tafiya a sabon da za ka je. Kenan idan ka fara ɗaga phpIPAM tun kana kan tsohuwar Ubuntu, ranar da ka tsallaka zai tarar da gida a shirye, idan kuwa ka fara da Ubuntu to ka ɗora tsohon kaya a kan abin da bai san shi ba. Wannan jerin sigogin yana rubuce a shafin phpIPAM na GitHub, ka leƙa ka gani da idonka a ranar da za ka yi aikin saboda duk sabuwar fitowa tana iya ƙara wani abu.

Wani zai ce toh me ya sa ba zan zauna a 20.04 ɗina ba tunda tana aiki? Saboda tallafinta na shekara 5 ya ƙare a watan Mayun 2025, shi ma PHP 7.4 masu shi sun daina kula da shi tun Nuwamban 2022. Idan ba ka shirya tsallaka yanzu ba akwai Ubuntu Pro, kyauta ne ga amfanin kanka har inji 5, zai ci gaba da kawo maka facin tsaro na wani lokaci, amma ka ɗauke shi a matsayin jinkiri ne kafin ka shirya. 22.04 tana da tallafi har 2027, 24.04 har 2029.

Gargaɗi: akwai wani layi da ake sakawa a config.php mai suna allow_untested_php_versions wanda yake sa phpIPAM ya daina ƙorafin sigar PHP. Yana rufe bakin ƙorafin ne kawai, bai sa tsohuwar siga ta iya sabon PHP ba, za ka ga shafin farko ya buɗe ka yi murna sai ka je ƙara adireshi ya tsaya. Ni ban yarda a dogara da shi a netwok ɗin da mutane suke cin abinci da shi ba.

3. Faci iri biyu ne, kar ka haɗa su

Akwai ƙaramin faci na kullum, wato sudo apt update da sudo apt upgrade, wannan kamar ka kai taya wajen mai faci ne ya toshe huda, tayar ita ce dai. A cikin siga ɗaya ta Ubuntu lambar PHP ba ta tashi daga 7.4 ta koma 8, gyaran tsaro kawai ake zubawa a ciki, don haka wannan da wuya ya taɓa phpIPAM, kuma bai kamata ka ji tsoronsa ba, ni duk wata nake yin sa.

Sai babban tsallake, wato do-release-upgrade, wannan canza taya ne gaba ɗaya har da rim. Shi ne wanda sabar take tallata maka duk sanda ka shiga, kuma shi ne ba a bugawa sai an gama mataki na 5, 6 da 7.

4. Zaɓi rana, ka tabbatar da wuta

A birni mutum zai ce a yi da daddare shikenan, mu nan lissafin ya fi haka. Idan akwai masu POS ko masu shago da suke hawa wayfai ɗinka kar ka kuskura ka yi a jajibirin kasuwa, wanda yake ta Maigatari ya san Alhamis ba ranar wasa ba ce, na Dambatta Lahadi, na Wudil Juma'a. Idan makaranta ce kar ka yi cikin satin jarrabawa ko satin rajista, ka bari sai an yi hutu ko ranar Juma'a bayan an tashi yadda kana da Asabar da Lahadi na gyara in wani abu ya faru. Ka je ka sami mai wurin tun kafin ranar ka ce ranka ya daɗe zan yi aiki a kan sabar daga ƙarfe kaza zuwa kaza, in an ga wani abu ya tsaya ni ne, wannan maganar ta minti biyu tana cire maka kunya mai yawa.

Sai wuta. Garaɓasar datar dare tana da daɗi amma a lokacin ne batirin inbata ya fi rauni, musamman da hunturu da hazo yake rufe rana kuma ƙura ta kwanta a kan faifan sola, batirin da yake kai ka asuba da bazara zai iya sauka tun ƙarfe biyu. Da damina kuma in ka ga hadari ya haɗo ka ɗaga aikin kawai. Ni na fi son in fara da hantsi, rana tana caji, idona biyu, janareto yana gefe da mai a ciki.

Gargaɗi: yankewar wuta ana tsakiyar babban tsallake ita ce mafi munin abin da zai same ka a wannan aikin, ta fi matsalar PHP nesa ba kusa ba, domin sabar tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Ka cire firji da fanka da cajin wayoyin mutane daga kan inbatan har ka gama.

Ka kuma buga timedatectl ka ga ko agogo daidai yake. Tsofaffin kwamfutocin da muke mayarwa saba batirin agogonsu ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma baya, shi kuma apt in ya ga haka sai ya ce maka fayil ɗin bai kai lokacin aiki ba ya ƙi saukar da komai, mutum ya yi ta zargin netwok alhali CR2032 ne na ɗan kuɗi kaɗan.

5. Ajiye kwafi, ka kuma gwada shi

Duk wahalar da ka sha ta shekaru wajen rubuta wane adireshi na waye tana cikin rumbun bayanai guda ɗaya, ka fitar da shi:

sudo mysqldump phpipam > phpipam-ajiya.sql

Idan ka ba rumbun wani suna daban ka duba cikin config.php za ka gan shi. Bayan nan ka buga ls -lh ka ga girman fayil ɗin, in ka ga sifili ko wasu 'yan bait to bai fita ba, ka sake. Sai ka dunƙule folda ɗin phpIPAM da saitunan sabar:

sudo tar czf saituna.tgz /var/www/html/phpipam /etc/apache2 /etc/netplan /etc/dhcp

Ka gyara hanyar farko ta dace da inda naka yake, in kuma ba sabar ce take yin DHCP ba, wato raba wa na'urori adireshi, ka cire ta ƙarshen. Ka buga sudo crontab -l, wato jadawalin ayyukan da sabar take yi da kanta, ka kwafi layukan da suke ciki, a nan ne pingCheck.php da discoveryCheck.php suke, su ne masu zagayawa suna duba wace na'ura ce a kunne. Duk waɗannan ka kwashe su zuwa filash, ka kuma ajiye wani kwafin a laftof ɗinka.

Abin da nake ƙarawa wanda mutane suke ganin kamar ƙauyanci ne, ina shiga phpIPAM in fitar da kowane sabnet, wato rukunin adireshi, zuwa Excel in buga a takarda, aƙalla na adireshin da ba sa canzawa, rauta, suwic, firinta, kamara, eriyar da take kan hasumiya. Ɗakin jarrabawa mai kwamfuta 250 ka ga sabnet na /24 adireshi 254 kawai yake da shi, kusan ba sarari, in rajista ta ɓace ka ba na'ura biyu adireshi ɗaya sai ka wuni kana bin kebul ɗaya bayan ɗaya. Takarda ba ta buƙatar PHP kafin ta buɗu.

Idan sabar taka tana cikin Proxmox ko VirtualBox, masu tafiyar da inji a cikin wata kwamfutar, ka ɗauki hoton injin (snapshot) gaba ɗaya yanzu, daƙiƙa kaɗan ne kuma shi ne hanyar komawa mafi sauƙi. In kuwa kwamfuta ce zalla, Clonezilla kyauta ne, zai kwafe maka faifan dungurungum zuwa wani faifan na waje.

Gargaɗi: kwafin da ke zaune a kan sabar da kake shirin taɓawa ba ajiya ba ce. Kuma in kana da hali ka gwada mayar da shi a laftof, ka ƙirƙiri rumbu fanko ka zuba shi ka ga ya shiga lafiya.

6. Yi ƙaramin faci tukuna

sudo apt update
apt list --upgradable
sudo apt upgrade

Ka karanta jerin da na biyun ya kawo kafin ka buga na ukun. In ya gama ka duba ko akwai fayil /var/run/reboot-required, in yana nan ka sake kunna sabar, ka buɗe phpIPAM ka ga yana nan lafiya. Wannan matakin dole ne domin do-release-upgrade ba zai ma yarda ya fara ba sai an gama duk facin sigar da kake kai. Ka buga apt-mark showhold, in akwai abin da wani ya taɓa riƙewa a baya zai fito, shi ma yana hana tafiya.

Gargaɗi: idan wanda ya haɗa sabar ya ɗauko PHP daga ma'ajiyar waje ba ta Ubuntu ba, za ka gan ta a cikin /etc/apt/sources.list.d, to lissafin mataki na 2 ya canza, php -v ɗinka ne gaskiya ba lambar Ubuntu ba, kuma lokacin tsallake ana kashe irin waɗannan ma'ajiyoyin, sai ka shirya komawa PHP na Ubuntu ko ka sake kunna ta da hannu bayan an gama.

7. Ɗaga phpIPAM tun kana kan tsohuwar Ubuntu

Ka je shafin fitowarsa a GitHub ka sauko da fayil ɗin da ya ƙare da .tgz mai sunan phpipam da lambar siga, kar ka ɗauki wanda aka rubuta Source code, wannan bai ƙunshi wasu ƙananan kayan da ake jonawa ba, zai buɗe amma wasu sassan su ƙi aiki. Ka canza wa tsohon folda suna zuwa phpipam-tsoho, kar ka goge shi, ka warware sabon a wurinsa, sai ka kwafo config.php daga tsohon zuwa sabon. Ka buɗe config.dist.php na sabon ka kwatanta da naka ko akwai sabon layin da ya kamata ka ƙara. Wanda ya saka nasa ta git shi kuma zai koma reshen sabuwar sigar ne sannan ya buga git submodule update --init --recursive, mantawa da wannan layin shi ne kuskuren da ya fi yawa a wajensu.

Yanzu ka buɗe burauza ka shiga, zai kai ka shafin ɗaga rumbun bayanai da kansa, ka zaɓi ya yi da kansa ka jira. In ya ce wani kayan PHP babu zai lissafo maka sunansa, ka saka shi ka sake lodawa. Bayan ya gama ka duba sabnet biyu ko uku, ka ƙara adireshin gwaji ka goge.

Daga nan ka tsaya. Ni nakan bar shi kwana biyu ko uku yana aiki a haka kafin in taɓa Ubuntu, saboda in matsala ta fito na san daga ina ta fito, wanda ya canza abu biyu a dare ɗaya in abu ya lalace bai san wanne zai tuhuma ba. Kafin ka wuce gaba ka sake yin mysqldump, domin rumbun ya canza fasali, na jiya na tsohuwar siga ne, ka ajiye duka biyun da kwanan wata a jikin sunansu.

8. Babban tsallake

Ka zauna a gaban sabar da allo da kibod. Ana iya yi ta SSH, wato shiga sabar daga nesa, har ma yakan buɗe wata ƙofa ta biyu a lamba 1022 don ko ta farko ta yanke, amma in kana wani gari sabar tana wani gari kuma eriya ce tsakaninku, ka hau babur ka je kawai.

sudo do-release-upgrade

Zai faɗa maka yawan abin da zai sauko da wanda zai cire, ka karanta kafin ka amsa. A hanya zai riƙa tsayawa yana tambaya ko ya maye gurbin fayil ɗin saiti da sabo ko ya bar naka, ga Apache da SSH da DHCP ka bar naka, shi ne ma zaɓin da yake kai in ka danna Enter. Kar ka tafi sallah ko cin abinci ka ɗauka yana ta aiki, sau da yawa yana tsaye ne yana jiran amsarka, ka riƙa leƙowa. Zai ɗauki awa ɗaya ko fiye gwargwadon netwok da tsufan faifanka.

Gargaɗi: ba a tsalle daga 20.04 zuwa 24.04 kai tsaye, sai ka sauka a 22.04, ka yi mataki na 9 da na 10, sannan wata ranar ka sake. In wuta ta yanke duk da haka kuma sabar ta tashi, ka fara da sudo dpkg --configure -a sannan sudo apt -f install kafin komai.

9. Daidaita PHP da Apache

Bayan ta tashi akwai yiwuwar Apache ya ƙi tashi, ko burauza ta nuno maka rubutun PHP tsirara maimakon shafi. Kar hankalinka ya tashi, Apache ne yake neman tsohon PHP ɗin da aka cire:

sudo apt install libapache2-mod-php php-mysql php-gmp php-mbstring php-gd php-curl php-xml php-ldap php-pear
sudo a2dismod php7.4
sudo a2enmod php8.1
sudo systemctl restart apache2

In 24.04 ka shiga sai ka kashe php8.1 ka kunna php8.3. Ka buga php -m ka kwatanta da jerin da ka rubuta a littafi tun farko, wanda ya fi yawan ɓacewa shi ne gmp, kuma phpIPAM ba ya motsi in babu shi saboda da shi yake lissafin adireshi. Duk gyaran da ka taɓa yi a php.ini na tsohuwar siga bai biyo ka ba, sabuwar tana da nata folda a ƙarƙashin /etc/php, ka sake saka yankin lokaci Africa/Lagos da duk abin da ka ƙara. In har yanzu shafin fari ne ka buga sudo tail -n 30 /var/log/apache2/error.log, amsar tana cikin layukan ƙarshe kusan kullum.

10. Gwaji kafin ka bar wurin

Ka buga ip a ka tabbatar adireshin sabar shi ne wanda ka rubuta. In netplan mai riƙe da saitin netwok ya yi ƙorafi a kan gateway4 gargaɗi ne cewa salon ya tsufa, ka gyara shi zuwa routes a natse wata rana. Ka shiga phpIPAM daga wata kwamfutar daban, ka duba sabnet, ka jira zagayen cron ya wuce ka ga ko alamar kore ta na'urorin da ke kunne tana sabuntuwa, in ba ta yi ba ka duba crontab da fping, manhajar da take gwada ko na'ura tana kunne. Sai ka kashe wayfai a wayarka ka kunna ka ga ta karɓi adireshi. Na ƙarshe, ka sake kunna sabar sau ɗaya da gangan kana tsaye, domin a wurinmu za a ɗauke wuta ko ba jima, gara ka ga yadda take tashi da kanta yau.

Masu DHCP a kan sabar, da masu Windows da NetBox

phpIPAM rajista ce, ba shi yake raba adireshi ba, shi ya sa in ya kwanta mutane suna ci gaba da hawa intanet in dai rauta irin MikroTik ce take rabawa. Amma in isc-dhcp-server ne a kan sabar guda to duk mintin da take kashe sababbin na'urori ba sa samun adireshi, ka ƙara tsawon lokacin haya kwana ɗaya kafin aikin yadda waɗanda suka riga suka karɓa za su riƙe nasu. Masu ISC DHCP sun daina gyara shi tun ƙarshen 2022 sun koma Kea, sabuwar manhajarsu ta DHCP, ya kamata ka shirya ƙaura, amma fasalin saitinsa daban ne gaba ɗaya, kar ka haɗa shi da wannan aikin a rana ɗaya.

Masu Windows Server, IPAM, wato irin wannan rajistar adireshin, yana ciki tun sigar 2012, sai injin yana cikin domain kuma ba a saka shi a kan domain controller. Tallafin 2012 R2 ya ƙare a Oktoban 2023, na 2016 zai ƙare a Janairun 2027. Microsoft tana sakin faci Talata ta biyu a kowane wata, ni shawarata ga injin da yake raba DHCP ka ba facin 'yan kwanaki kana sauraro, facin Yunin 2025 ya sa DHCP yana tsayawa a wasu sabobin har sai da na Yuli ya gyara. 'Yan kwanaki na ce, ba watanni ba. NetBox kuma Python ne nasa da PostgreSQL da Redis, sigar 4.0 tana son Python 3.10 zuwa sama alhali Ubuntu 20.04 tana da 3.8, don haka a wajensa jerin yana iya juyawa, Ubuntu ta riga shi, ka karanta takardar fitowarsa kafin ka yanke.

In ka riga ka tsallaka kamar ƙanin nawa

Kar ka goge komai, kar ka sake saka Ubuntu, bayananka suna nan a rumbu ba abin da ya taɓa su. Ka fara da mysqldump yanzu-yanzu ka kai filash, sannan ka yi mataki na 9, sannan na 7, wato ka ɗora phpIPAM 1.7 a kan PHP 8.1 ɗin da ka tsinci kanka a kai ka kwafo tsohon config.php. Haka muka yi da shi ta waya washegari da safe, yana karanto min layukan error.log ina faɗa masa abin da zai buga, gmp ne ya ɓace sai Apache da yake ta neman php7.4, kafin azahar shafin ya dawo da sabnet ɗinsa duka, na ce kafin ka tashi daga kujerar nan ka fitar da su Excel ka kai wa mai firinta ya buga maka kwafi biyu, ɗaya ka manna a cikin ƙofar akwatin suwic ɗaya ka kai ofishin shugaban makaranta.